Kafin a ce iska ce, a dubi gaɓɓanta

Jama'a, akwai ciwon da ke cinye mana 'ya'ya mata a cikin gida, muna ji muna gani, muna kuma nema masa magani a inda babu shi. Da gaɓɓai yake farawa. Yatsu su kumbura, wuyan hannu ya riƙe, a wayi gari mace ta kasa matse zanen da ta wanke, ta kasa ɗaura ɗankwali sai an taimaka mata. Zazzaɓi ya zo ya tafi, ya sake dawowa. Gashi ya riƙa cika mataji, baki ya yi gyambo, ƙuraje su feso a kumatu da karan hanci, su ƙara tashi duk ranar da ta sha rana. A ce sanyi ne. A sha maganin maleriya, a bi da na taifot, a ƙara ruwa, a dawo gida. Wata da watanni ana wannan zagaye. Sai wani dare ta ƙi barci, ta ce ana kiran sunanta daga bayan ɗaki, ko ta ga mutum tsaye a bakin ƙofa, ko ta ture kwanon tuwo ta rantse an zuba mata guba. Daga wannan dare kowa ya manta da gaɓɓan. Zance ya koma na iska da sammu, a fara kallon kishiya da wutsiyar ido, a nemo mai hayaƙi, in abin ya ƙi a nemo mari.

Ina roƙonku da girman Allah ku tsaya a nan. Abin da ya kumbura yatsun yarinyar nan da abin da ya sa take jin muryoyi suna iya zama ciwo guda. Yana da suna a asibiti, yana da gwaji, yana da magani. Duk makon da aka ɓata ana yawon neman mai cire aljani, a kan ƙodarta da ƙwaƙwalwarta yake ƙarewa.

Allah Ya yi mana garkuwa a cikin jini wadda ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Akwai wasu cututtuka da garkuwar nan ke ruɗewa, ta zama kamar maigadin da ya daina gane 'yan gida, ya hau dukan waɗanda aka ɗauke shi ya tsare. Idan ta faɗa wa gaɓɓai, sai ka ga amosanin gaɓɓai mai kumburi, wanda ke sandarar da yatsu da asuba, ya lanƙwasa su a hankali. Idan ta bazu ko'ina, fata da gaɓɓai da jini da ƙoda da huhu, wannan shi ne likitoci ke kira lufus. Cikin mutum goma masu lufus, tara mata ne, mafi yawansu kuma daga shekara 15 zuwa 45, wato shekarun karatu da aure da haihuwa. An tabbatar ya fi kama baƙar fata, ya kuma fi yi mana tsanani. Tsawon shekaru ana cewa babu shi sosai a Afirka ta Yamma, amma da aka sami likitocin da suka san shi da ɗakunan gwajin da ke iya gano shi, sai ga shi yana bayyana. Dama yana nan, sunan sanyi da taifot yake amsawa.

Ƙwaƙwalwa tsoka ce da jini ke ratsawa, ba ta da wani shinge da ya fitar da ita daga jiki gaba ɗaya. Sinadaran kumburin da ke yawo a jinin mai wannan ciwo suna isa gare ta, wasu makaman garkuwar kan kai wa jijiyoyinta hari kai tsaye, wani lokaci kuma jinin ne ke daskarewa a ƙananan hanyoyinta, abin da a wasu mata kan haɗu da yawan ɓari. Tun a 1999 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta lissafa hanyoyi 19 da lufus ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A cikinsu akwai ciwon kai, da farfaɗiya, da shanyewar ɓarin jiki, da mantuwa, da fargaba, da baƙin cikin da ba ya yayewa, da ruɗewar farat ɗaya, da kuma taɓin hankali mai zuwa da gane-gane da jiye-jiye da mugun zargi. Wannan na ƙarshen ba shi da yawa. Wani babban bincike da ya bi diddigin masu lufus fiye da 1,800 a ƙasashe daban-daban ya same shi a ƙasa da mutum 2 cikin 100, kuma mafi yawanci a farkon ciwon yake zuwa, wani lokaci tun kafin a san sunan abin da ke damun mai shi. Ga albishir ɗin da nake so kowa ya riƙe: mafi yawan waɗanda ya kama sun dawo hayyacinsu da aka yi musu magani. Mace ta koma ajinta, ta koma kasuwancinta, ta ci gaba da renon 'ya'yanta. Wannan shi ne abin da muke hana ta idan muka kulle ta a ɗaki.

Amma wanda ya fita hayyacinsa kowa na ganinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wahalar da ake haɗiyewa. A 2023 masu bincike na jami'ar Kambirij da kwalejin King's ta Landan, ƙarƙashin jagorancin Dakta Melanie Sloan, sun fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum 1,853 masu irin waɗannan cututtuka. Kashi 55 cikin 100 suna fama da ciwon damuwa, kashi 57 da fargaba. A cikin masu lufus, kashi 47 sun ce tunanin kashe kansu ya taɓa zuwar musu, alhali likitocin da aka tambaya sun ƙiyasta kashi 15 ne kawai. Uku cikin huɗu na marasa lafiyar sun ce ba a taɓa tambayarsu lafiyar hankalinsu a asibiti ba, ko kuma sai jefi-jefi, fiye da rabinsu kuma ba su cika buɗe baki su faɗa ba, don tsoron kada a ɗauke su mahaukata a daina kula da ciwon jikinsu. Wannan fa a ƙasashen da likita ke da lokacin zama da mara lafiya ke nan. To ina ga matar da ta kwana a mota daga ƙauye, ta bi layi tun asuba, ta sami minti biyar a gaban likita, ga mijinta ko surukarta a tsaye a kanta? Ta ina za ta fara cewa tana ganin abin da ba kowa ke gani ba, bayan ta san kalma ɗaya tak za ta iya kashe mata aure, ta kuma hana ƙannenta samun miji?

Masu binciken nan sun sake fitar da wani abu a 2024 da ya kamata kowace uwa ta sani. Cikin masu lufus 676 da suka tambaya, uku cikin biyar sun ce barcinsu ya rikice da munanan mafarkai, na faɗowa daga sama, na ana bin su, na ana danne su. Kusan ɗaya cikin huɗu sun taɓa yin gane-gane ko jiye-jiye, kuma da yawa daga cikinsu mafarkan ne suka riga zuwa. Wasu ma sun lura cewa mafarkan na tsananta gab da ciwon zai tashi. Mu a nan, budurwa ta ce ana danne ta a barci, mun riga mun yanke hukunci tun ba ta rufe baki ba. Ku yi mata addu'a, ƙwarai kuwa, amma idan tana da ciwon gaɓɓai ko ƙuraje ko zazzaɓin da ba a gane kansa ba, ku faɗa wa likita mafarkin nan ma. Wataƙila jikinta ne ke ba da sanarwa tun da sauran lokaci.

Amosanin gaɓɓai shi kuma bai cika kai mutum ga gane-gane ba, zuciya yake ci a hankali. Kimanin ɗaya cikin shida na masu shi suna da ciwon damuwa mai tsanani, irin wanda sai da magani. Ku dubi gwoggon nan ko innar nan da ke gidanku. Da ita ce mai daka, mai tuyar ƙosai a ƙofar gida, ita ce kan gaba a biki da suna. Yanzu ba ta iya riƙe buta ta yi alwala sai an zuba mata, sujada ta gagara sai a kujera, buɗe murfin roba ma sai ta kira jika. Ta daina zuwa ko'ina. Ta daina hira. Ta ce abinci ba ya mata daɗi, barci ba ya zuwa, ita dai ta zama kaya a wuyan mutane. Me muke ce mata? «Ki yi haƙuri, Inna, tsufa ne.» Ƙaramar cikinsu kuwa, 'yar shekara talatin, ita raki da son jiki ake jefa mata, don da safe ta kasa tashi, da yamma kuma an gan ta tana shara, sai a ce ai da gangan take yi. Haka ciwon yake, asuba ce lokacin azabarsa. Kuma baƙin cikin da ke tare da shi ba ƙarancin imani ba ne. Zafin da ba ya barin mutum ya runtsa yana kawo shi, rasa sana'a yana kawo shi, kumburin da ke cikin jinin kansa yana kawo shi. An kuma lura cewa wanda damuwa ta danne ya fi jin zafin gaɓɓan, ya fi barin shan magani, ciwon nasa ya fi wuyar lafawa. Wanda ya kula da gwiwar Inna ya bar zuciyarta, bai gama jinya ba.

Yanzu ga maganar da ta shafi kowane mai kemis da kowane mai aika yaro ya sayo «haɗin ciwon jiki». A 1948 wani likita mai suna Philip Hench a asibitin Mayo da ke Amurka ya fara ba wata mata mai amosanin gaɓɓai allurar kotizon. Cikin 'yan kwanaki matar da ke kwance ta miƙe tana tafiya, a 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. Tun a waɗancan shekarun farko likitoci suka lura cewa maganin na juya halin wasu. Jikokin wannan magani su ne firednisolon da deksametason, wanda kowa ya sani da deksa. Suna ceton rai, babu ja a kan wannan, mai lufus da ciwon ya taɓa ƙoda ko ƙwaƙwalwa da su ake fara tare shi. Amma wani bincike da aka yi a Boston a 1972 ya nuna yadda haɗarinsu ke hawa da yawan abin da aka sha: masu shan kwatankwacin miligiram 40 na firednisolon ko ƙasa da haka a rana, kusan 1 cikin 100 ne hankalinsu ya taɓu, daga 41 zuwa 80, kusan 5 cikin 100, sama da 80 kuwa, fiye da 18 cikin 100. Yawanci a makon farko ko na biyu abin ke bayyana. Mutum ya daina barci, ya kama surutu ba ƙaƙƙautawa, ya riƙa rabon kuɗi ko faɗa da kowa, ko ya faɗa baƙin ciki, ko ya fara zargin na kusa da shi.

Deksa ya ninka firednisolon ƙarfi wajen sau shida zuwa bakwai. Wannan ƙwayar ce ake ƙullawa a leda tare da wasu huɗu ko biyar a miƙa wa mai ciwon gwiwa, ba suna ba ƙa'ida. Ita ce 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki. An kuma sha gano irinta a ɓoye cikin magungunan da ake tallatawa da sunan na gargajiya ne tsantsa. Mai kemis, ka ji tsoron Allah. Fuskar da ta yi fam kamar an hura ta ba lafiya ba ce, kuma in matar ta rikice bayan mako biyu, ba wanda zai tuna da ledar da ka ƙulla mata, surukarta za a zarga. Ku kuma 'yan uwa, ku riƙe ɗaya gefen maganar da hannu biyu: wanda ya daɗe yana shan waɗannan ƙwayoyi, kada ku kuskura ku yanke masa su rana ɗaya don kun ga halinsa ya canza. Jikinsa ya riga ya rage yin nasa sinadarin, yankewar farat ɗaya tana iya jefa shi cikin suma har ta kai ga rasa rai, ciwon kuma ya taso da ƙarfinsa. Likita ne zai rage a hankali, shi ne kuma zai bambance ko maganin ne ya kawo ruɗewar ko ciwon ne ya hau kai, domin in ciwon ne, ƙara maganin za a yi.

Yara ma ba su tsira ba, ko da yake tasu hanyar daban ce. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro, irin wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa, a bar shi ya warke da kansa. Bayan makonni gaɓɓai su kama ciwo, yau gwiwa gobe idon sawu. Wasu kuma sai bayan watanni abin ya fito ta wata fuska, ya fi yawa ga 'yan mata daga shekara 5 zuwa 15. Rubutunta a allo ko a littafi ya lalace. Kofi ya riƙa suɓuce mata. Kafaɗa na fizga, fuska na yamutsewa, harshe na fita yana komawa, ƙafa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta yi kuka babu dalili, ta fashe da dariya babu dalili. In ta yi barci komai ya tsaya cak, wannan kuma shi ke ƙara sa mutane su ce ai ga shaida, mutanen ɓoye ne. A makaranta ta sha bulala don rashin natsuwa, a gida a kai ta wajen masu girka. Wani likitan Ingila, Thomas Sydenham, ya bayyana wannan rawar jiki tun a 1686. Rawar takan tafi da kanta cikin watanni, amma ciwon da ya kawo ta yana cin ƙofofin zuciya a ɓoye, shi ne ke ba mu 'yan mata masu haki da kumburin ƙafa tun ba su kai ashirin ba, wasunsu a kan gwiwar haihuwa zuciyar ke gazawa. Abin da ke tare wannan ɓarna allurar fenisilin ce duk mako uku ko huɗu, tsawon shekaru, magani mai araha da aka sani tun zamanin kakanninmu. Yarinyar da aka kai gidan bori an hana ta wannan allura.

Abu guda kuma na gaggawa ne, ba na gobe ba. Mai ɗayan waɗannan cututtuka, musamman mai shan maganin danne garkuwa, idan ya ruɗe farat ɗaya, bai san inda yake ba, ko ya haɗa da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, a ɗauke shi a daren. Yana iya zama sanƙarau, ko tarin fuka da ya hau kai, ko maleriya mai tsanani, ko ƙoda ce ta tsaya. Waɗannan a cikin sa'o'i suke kisa.

Malamaina masu daraja, limamai da masu ruƙiyya, gare ku ake fara zuwa, kuma maganarku ta fi ta likita nauyi a kunnen jama'a. Ba wanda ya ce ku bar addu'a. Addininmu da ya koya mana tofi shi ne ya umarce mu da neman magani, kuma ba a hana kowa karatu a bakin gadon asibiti ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne. In an kawo muku mace tana sambatu, ku dubi hannuwanta. Ku tambayi mahaifiyarta ko tana fama da gaɓɓai, ko gashinta na zuba, ko ta sha yin ɓari, ko ba ta daɗe da haihuwa ba, ko akwai ƙwayoyin da take sha. In an ce e, ku ce da bakinku: «Ku kai ta asibiti yau, ni ma zan bi ta da addu'a.» Wallahi wannan jimla daga bakin malami tana iya ceton ran da likita goma ba za su iya jawowa asibiti ba. Duka kuwa, da shaƙa hayaƙi, da hana abinci, da ɗaure ƙafa, babu uzurin da zai wanke su. A 2019 duniya ta ga abin da aka fito da shi daga gidajen mari a Kaduna da Katsina da wasu wurare, a shekarar ce kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton dubban masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke ɗaure da sarƙa a faɗin Najeriya. Ku yi tunanin sarƙa a idon sawun da dama a kumbure yake. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mai wannan lalura mutuncinsa da haƙƙinsa. Dokar tana nan a takarda, mu ne za mu shigar da ita zaure.

Maigida, kai ma da kai nake. Matar da ta zage ka a cikin wannan hali, ta ce kana neman kashe ta, ba ita ke magana ba. Kada ka rubuta takarda a kan abin da ciwo ya faɗa. Kada ka tura ta gidansu da cewa «su nema mata magani», alhali kai ne ka san ranar da abin ya fara da irin ƙwayoyin da ta sha, bayanin da likita ya fi buƙata ke nan. In ta samu sauƙi kuma, kada a riƙa yi mata gori da abin da ta faɗa, a gaban 'ya'yanta ko a bayan idonsu.

Likitocinmu da ma'aikatan jinya, na san nauyin da ke kanku. Najeriya, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, ƙwararrun gaɓɓai kuwa sun fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba, kuma kusan dukkansu a manyan asibitocin koyarwa suke. Saboda haka aikin ya dawo kan wanda ke ƙaramin asibitin ƙaramar hukuma. Budurwar da aka kawo da taɓin hankali karon farko, kafin a miƙa ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri, a duba bakinta da fatar kanta da yatsunta, a auna zafin jikinta, a tsoma takardar gwaji a fitsarinta. Wannan bai fi 'yan mintuna ba. Mai amosanin da ke zuwa karɓar magani duk wata kuma, a fitar da 'yan rakiya na ɗan lokaci a tambaye ta: «Yaya barci? Yaya zuciya? Akwai abin da kike gani ko ji da ke ba ki tsoro?» Kada a jira ta fara, ba za ta fara ba. A manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano, da na Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da takwarorinsu na Yamai da Damagaram da Maraɗi, ina kira ga shugabanni su haɗa likitan gaɓɓai da na ƙwaƙwalwa a kan fayil guda, domin mara lafiyar da aka ce ta je wani gini wata rana daban, yawanci ba ta zuwa. Gwamnoni da 'yan majalisa kuma, gwajin jinin da ke gano lufus da magungunan da ake sha tsawon rai sun fi ƙarfin talaka. Ku sa su cikin inshorar lafiya ta jihohinku. Ya fi muku araha a kan wankin ƙoda, in ma lissafin kuɗi kaɗai za a yi. Gidajen rediyo, ga ranaku a gabanku: 10 ga Mayu ta lufus ce, 10 ga Oktoba ta lafiyar ƙwaƙwalwa, 12 ga Oktoba ta amosanin gaɓɓai. Ku gayyato likitocin biyu su zauna a shiri ɗaya, da Hausa, ku buɗe layi mata su kira.

Ke kuma 'yar uwata da ke ɗauke da wannan ciwo, kina karanta wannan ko ana karanta miki: abin da kike gani da dare, da mantuwar da ta sa kike tsayawa a tsakar gida kin rasa me kika fito yi, da kukan da kike ɓoyewa a banɗaki, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba laifinki ba ne. Faɗa wa likitanki ba zai sa a ce kin haukace ba, zai taimaka masa ya san inda ciwon ya kai. In zuciyarki ta fara raya miki cewa gara mutuwa, ki faɗa wa wani a yau, uwa ko 'yar uwa ko nas, duk wanda kika yarda da shi. Ku da ke kusa da ita, kada ku ji tsoron tambayarta ƙarara ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. In ta ce e, kada a yi mata wa'azin wuta, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda take, a kai ta asibiti.

In za ku tafi, ku tattara duk abin da ta sha a leda guda, na asibiti da na kemis da na gargajiya da man shafawa, har kwalayen da suka ƙare. Ku ɗauki tsofaffin katuna da sakamakon gwaje-gwaje. A tafi da wanda ya fi sanin tarihin ciwon, ya faɗa wa likita daga farko: yaushe gaɓɓai suka fara, yaushe gashi ya fara zuba, ciki nawa ya zube, wace rana barci ya ƙaurace, wane magani aka fara ko aka ƙara a makonnin da suka gabata. In an ce taifot ne karo na uku kuma ba ta warke ba, ku roƙi takardar turawa babban asibiti, ku ce kuna so likitan gaɓɓai ya gan ta. Kowannenmu ya san gida ɗaya a unguwarsu da ake cewa 'yarsu ta gamu. Ku je gidan nan yau, ku yi sallama, ku tambayi uwarta ko kafin ta gamu ta yi ciwon gaɓɓai.